Shin Ko Kun San? Idan Hannu Ya Ƙi, Gira Na Nan

Shin ko kun san cewa mutumin da ba ya iya ɗaga ko ɗan yatsa zai iya buɗe WhatsApp, ya kira ɗan'uwansa, ya kunna karatun Alƙur'ani ko labaran rana, da ɗaga gira kawai? Wayar Android irin wadda ake bajewa a kan tebur a kasuwar Malanville ta isa, in dai mai ɗan ƙarfi ce kuma kyamararta ta gaba lafiya lau. Tun watan Satumba na 2021 kamfanin Google ya ƙara wa Android wata dabara mai suna Camera Switches, wadda ke sa kyamara ta zuba wa fuskar mai waya ido tana jiran motsi shida: duba dama, duba hagu, duba sama, murmushi, ɗaga gira da buɗe baki. Kowane motsi sai a ɗora masa aikinsa, murmushi ya zama "matsa gaba", gira ta zama "na zaɓa". Ba a biyan ko dala. Tana can cikin saitin da aka ware wa masu buƙata ta musamman, kusurwar da mai sayar da wayar ma da wuya ya taɓa leƙawa.

Ko kun san dalilin da ya sa wannan zance ya shafi gari irin Garou? Garou ɗaya ce daga gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville a jihar Alibori, can ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin. Sauran su ne Guéné, Madécali, Toumboutou da Malanville kanta. Ƙasa ce ta shinkafa da albasa da kamun kifi a bakin kogin Kwara, ga Gaya ta Nijar a tsallake, ga iyakar jihar Kebbi ta gabas. Daga nan zuwa Kwatano, inda manyan asibitoci da ƙwararrun masu gashin ƙashi suka taru, tafiyar sama da kilomita 700 ce. Mai jinyar da ba ya iya zama da kansa ba a ɗora shi a mota a yi wannan tafiya don kawai a nuna masa wata na'ura. Abin da zai amfane shi sai wanda ya iso shi har ɗaki.

Kun lura kuwa cewa kusan duk kayan taimakon naƙasassu da muka saba gani a ƙasar Hausa da Dandi hannu suke buƙata? Keken guragu da hannu ake murza shi. Sandar dogarawa da hannu ake riƙe ta. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, ta shahara wajen walda kekuna da babura masu ƙafa uku, aiki ne na a yaba, amma shan inna galibi ƙafa take kamawa ta bar hannu. Akwai wani rukunin da ba a ganinsu a kasuwa ko a ƙofar masallaci, saboda ba su iya fitowa: ɗan kabu-kabun da ya faɗi ya karya wuya har laka ta taɓu, yaron da aka sha wahalar haihuwarsa ko shawara ta taɓa masa ƙwaƙwalwa yana jariri, dattijon da hawan jini ya kayar ya ɗauke masa jiki da magana, da wanda kuturta ta cinye wa yatsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da raunin laka kaɗai sun haura miliyan 15 a duniya. Da yawansu hankalinsu garau yake. Suna jin duk abin da ake faɗi a kansu, har da "ai ba ya ganewa".

Shin ko kun san cewa usur ne ya haifi wannan fanni? A asibitin Stoke Mandeville na Ingila, inda ake jinyar masu raunin laka, majinyatan da hannayensu suka mutu usur ake rataya musu kusa da baki, su busa in suna neman ma'aikaciyar jinya. Wani mai zuwa duba marasa lafiya, Reg Maling, ya ga cewa wanda ya iya sarrafa numfashinsa ya busa usur zai iya sarrafa makunnin lantarki. A farkon shekarun 1960 aka fito da na'urar da aka sa wa suna Possum: bututu a baki, a zuƙa ko a hura, fitila ta kama, rediyo ya buɗe, tafireta ta buga harafi. Har gobe ana amfani da zuƙa da hurawa wajen tuƙa keken lantarki da juya linzamin kwamfuta.

A Kanada ma haka aka yi da wani ɗan wasan ƙwallon kwando, Neil Squire, wanda hatsarin mota ya raba shi da motsi da murya a 1980. Wani ɗan'uwansa injiniya, Bill Cameron, ya haɗa masa bututun da ke mayar da zuƙa da hurawa zuwa alamomin Morse, wato tsohuwar hanyar buga talgiram ta ɗigo da ja, kwamfuta kuma ta mayar da su haruffa. Ƙungiyar da aka kafa da sunansa a 1984 tana nan, ita ce ma ta ƙirƙiro LipSync, wani ɗan linzami da ake juyawa da leɓe, ta kuma saki zanen haɗa shi kyauta ga duk mai iya haɗawa. Morse ɗin nan bai mutu ba: a 2018 an saka shi cikin Gboard, allon rubutun wayoyin Android, da taimakon Tania Finlayson, wata Ba'amurkiya da ke rubutu da buga kanta a kan madannai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu.

Shin ko kun san cewa an rubuta littafi sukutum da ƙiftawar ido ɗaya, ba tare da lantarki ko kwamfuta ba? Jean-Dominique Bauby shi ne babban editan mujallar Elle a Faransa. Ranar 8 ga Disamba, 1995, jijiyar jini ta toshe masa a gindin ƙwaƙwalwa. Da ya farfaɗo a asibiti, babu abin da ke amsa masa a jikinsa sosai sai fatar idon hagu. Sai aka jera masa haruffan Faransanci bisa yawan fitowarsu a cikin magana, E a gaba, sai S, sai A, sai R, har zuwa waɗanda ba a cika amfani da su ba. Wata mata mai suna Claude Mendibil ta riƙa zama a gefen gadonsa a asibitin Berck tana karanto haruffan ɗaya bayan ɗaya. In ta zo kan wanda yake nufi, ya ƙifta, ta rubuta, ta koma farko. Da dare yake shirya jimlolinsa a ka, ya haddace, gari ya waye ya zubo su harafi-harafi. An ƙiyasta ƙiftawar da ta kai dubu 200. Littafin, Le Scaphandre et le Papillon, ya fito a watan Maris na 1997, Bauby kuma ya rasu kwana biyu bayan fitowarsa.

A ganina, cikin duk abin da ke wannan shafi babu wanda ya fi wannan amfani ga gidan da ke da mai jinya a Garou ko Madécali ko Gaya. Kayan aikinsa kwali ne da alƙalami da mutum mai haƙuri. A Hausa harafin "a" ne ya fi kowanne yawa, don haka shi zai hau gaba, sauran wasula su biyo shi. Wanda ya yi makarantar allo bai yi boko ba, a rubuta masa da ajami. Wanda bai yi ko ɗaya ba, a zana masa hotuna: kofin ruwa, kwanon fura, buta, gado, fuskar mai jin zafi, a riƙa nunawa yana ƙiftawa. Amma kafin komai sai an daidaita da shi a kan "i" da "a'a", ƙiftawa ɗaya ko duba sama, kuma duk mutanen gida su san wannan yarjejeniya, har yara. Babban laifin mai tambaya shi ne gaggawa. Ya ga haruffa biyu sai ya ƙarasa kalmar da tasa fahimtar, mai jinya na kallo ba halin ya ce ba haka nake nufi ba.

Ko kun san cewa na'urori masu tsada ma wannan dabarar suke kwaikwaya? Haske ne ke bin abubuwan da ke kan allo ɗaya bayan ɗaya, kamar malamin firamare yana kiran rajista kowa na jiran a zo kan sunansa ya amsa. In hasken ya sauka a kan abin da ake so, sai a taɓa madanni guda da duk inda ke motsi a jiki: haɓa, gwiwa, babban yatsan ƙafa, gefen kai. iPhone ta samu wannan tsari a 2013, Android a 2014.

Shin ko kun san cewa Stephen Hawking da tsokar kumatu ɗaya ya yi shekarunsa na ƙarshe yana koyarwa da rubutu? Masanin sararin samaniyar na jami'ar Cambridge yana da shekara 21, a 1963, likitoci suka gano yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali. A 1985 ciwon huhu ya kama shi a Jeneba, aka huda masa maƙogwaro don ya rayu, murya ta tafi. Wani injiniya a Kaliforniya, Walt Woltosz, ya aiko masa da manhajar Equalizer wadda ya rubuta tun farko domin surukarsa. Da ɗan madanni a tafin hannu Hawking kan haɗa kalma 15 a minti. Da hannun ya gaza wajajen 2008, sai aka liƙa masa wata 'yar na'ura a jikin tabarau da ke gane motsin kumatu. Saurinsa ya faɗi har zuwa kalma ɗaya ko biyu a minti, kafin kamfanin Intel ya sake gina masa tsarin, aka haɗa da manhajar da ke hasashen kalmar da zai faɗa a gaba. A 2015 Intel ya saki wannan tsari, mai suna ACAT, kyauta ga kowa. Muryar nan tasa kuwa da duniya ta sani, asalinta ta wani masani ce a Amurka, Dennis Klatt, shi ya sa Baturen Ingila ya ƙare rayuwarsa yana magana da karin harshen Amurkawa. An sha yi masa tayin sabuwa, ya ce wannan ta riga ta zama tasa. Ya rasu ranar 14 ga Maris, 2018.

Kun san kuwa linzamin kwamfuta na yau da kullum yana aiki a wayar Android? A samo 'yar igiyar OTG a wajen masu gyaran waya, a jona, sai ga 'yar kibiya ta bayyana a fuskar wayar. Mai ƙafa lafiyayya sai ya aza linzamin a ƙasa ya tuƙa shi da ƙafa.

Ko kun san abin da ya sa tsinke ko kara ba ya taɓa fuskar wayar zamani ta amsa? Gilashin ba nauyin dannawa yake ji ba, lantarkin da ke jikin mutum yake ji. Saboda haka sandar da za a riƙe a baki ko a ɗaura a goshi dole ta kasance mai ratsa lantarki daga fata zuwa gilashi, bakinta kuma mai laushi. Masu dabara kan naɗe sanda da takardar alminiyam, su sa ɗan soso ko auduga mai danshi a ƙarshenta.

Ga mai kwamfuta kuma akwai Camera Mouse, wadda James Gips da Margrit Betke suka ƙirƙira a Kwalejin Boston, aka mayar da ita kyauta a 2007. Za a nuna wa kyamara wuri ɗaya a fuska, misali ƙarshen hanci, duk inda kai ya juya kibiya ta bi. In ta tsaya cak na ɗan lokaci a kan abu, an danna ke nan.

Shin ko kun san yadda na'ura ke gane inda ido yake kallo? Tana haska idon da wani haske da ɗan Adam ba ya gani, hasken ya yi ɗan ƙyalli a kan ƙwayar ido, kyamara ta auna tazarar da ke tsakanin ƙyallin da tsakiyar baƙin ido, lissafi ya fitar da wurin da ake duba a kan allo. Kamfanin Tobii na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 2001, shi ne ya fi suna a wannan sana'a. Matsalar farko kuɗi ne. Cikakkiyar na'urar magana da ido tana iya haura dalar Amurka dubu goma, alhali mafi ƙarancin albashi a Benin tun Janairun 2023 jika 52 ne na sefa a wata. Ko ma'aikacin bai ci bai sha ba, sai ya yi sama da shekara takwas yana tarawa. Matsala ta biyu rana ce, domin haskenta cike yake da irin wancan hasken da na'urar ke dogaro da shi, sai ya rikita ta. A yankin da zafin bazara ke wuce maki 40, mutane kuma a waje suke wuni ƙarƙashin rumfa ko bishiya, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

An yi ta ƙoƙarin karya farashin. A 2009 wasu abokai suka ɓalle kyamarar wasan PlayStation suka ɗaura a jikin tabarau mai araha domin Tony Quan, wani mai zanen bango a Los Angeles da cuta irin ta Hawking ta kwantar, ya koma zane da ido; kayan ba su wuce na dalar Amurka 50 ba. A 2015 Julius Sweetland, wani mai rubuta manhaja a Landan da wannan cuta ta ɗauke wa gwaggo, ya saki OptiKey kyauta. Windows 10 ta samu sarrafawa da ido a 2017, bayan tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka Steve Gleason ya ƙalubalanci ma'aikatan Microsoft. A 2024 Apple ya sa iPhone ta riƙa bin ido da kyamararta ta gaba, ba sai an sayi komai ba. Sai kuma Look to Speak ta Google, wadda ta fito a ƙarshen 2020: jimloli ne a dama da hagu, a kalli ɓangaren da ake so har a rage saura ɗaya, waya ta furta. A 2024 aka ƙara mata zaɓi da hotuna da alamomi zalla, domin wanda bai iya karatu ba.

Shin ko kun san cewa mai raunin laka da muryarsa ke nan ya fi kowa sauƙin taimako, amma harshe ne ke tare masa hanya? Manhajar Voice Access, wadda Google ya fitar a 2018, tana ba mutum damar sarrafa waya gaba ɗaya da baki. Da Turanci ta fara, Faransanci na cikin waɗanda suka biyo baya. Rubutu da muryar Hausa kuwa sai a watan Oktoba na 2024 Google ya sanar da shi, cikin harsunan Afirka da aka ƙara wa Gboard da binciken murya, tare da Yarbanci da Ibo da Somaliyanci. Dandanci, harshen da ya fi yawa a Malanville da kewaye, ba ya cikinsu. Sai dai akwai wata ƙofa. Voice Access tana iya liƙa wa kowane abu da ke fuskar waya lamba, mutum ya kira lambar kawai. A wannan yanki kuwa, har wanda bai taɓa shiga aji ba da Faransanci yake karanto lambar wayarsa. Wanda ya iya wannan, ya haddace 'yan kalmomin umarni kaɗan, ya samu abin da zai fara da shi, daga nan saƙon murya na WhatsApp ya ɗauki sauran aikin da kowane harshe ya ga dama.

Na'ura ba ta jin harshe sai an tara mata dubban muryoyin masu shi. Shirin Common Voice na gidauniyar Mozilla, da aka buɗe a 2017, yana karɓar muryar duk wanda ya so ya karanta jimloli kyauta, kuma Hausa na ciki. In Kanawa kaɗai suka bayar, na'urar Kananci za ta fi ji, ta riƙa tuntuɓe da Hausar Kabi da Arewa da ta bakin Kwara.

Wanda kuma likita ya ce masa cutarsa za ta kai ga ɗauke magana, akwai abin da ake ba da shawara tun da sauran murya: ya ɗauki gaisuwarsa, da sunayen 'ya'yansa yadda yake kiransu, da addu'o'insa, da barkwancin da aka san shi da shi, a adana a waya da wani wurin daban. Daga baya waɗannan ake jerawa ya riƙa zaɓa da ido ko gira.

Ko kun san cewa an kai ga karanta niyyar motsi daga cikin ƙwaƙwalwa? A 2004 aka dasa wa Matthew Nagle, wanda sukar wuƙa a wuya ta shanye wa jiki, wani ɗan faranti mai allurai kusan 100 a ƙwaƙwalwa, ya motsa kibiyar kwamfuta da tunani. A Disamban 2021 Philip O'Keefe na Ostareliya ya aika saƙon Twitter da na'urar kamfanin Synchron, wadda ake zurawa ta jijiyar wuya ba sai an fasa ƙoƙon kai ba. A 2023 masu bincike a San Francisco suka kai kalma 78 a minti da wata mata, Ann Johnson, wadda ta yi shekara 18 ba ta magana. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink na Elon Musk ya dasa wa Noland Arbaugh tasa, aka nuno shi yana buga dara irin ta Turawa. Wannan ne kafafen labarai suka fi so, kuma shi ya fi nisa da mu: duka gwaji ne a kan mutane ƙalilan, kowannensu da tawagar likitoci da injiniyoyi a bayansa.

Shin ko kun san cewa rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a watan Mayu na 2022 ya ce mutum sama da biliyan biyu da rabi ke buƙatar wani kayan taimako, daga tabarau zuwa keke, kuma kusan biliyan ɗaya ba su samu ba? A wasu ƙasashe matalauta, uku cikin ɗari ne kacal ke samun abin da suke buƙata. Tun 2016 hukumar ta jera kayayyaki 50 da ta ce kowace gwamnati ta sa a gaba, kuma allon sadarwa na hotuna da manhajar da ke maye gurbin linzami da allon rubutu suna ciki, kafaɗa da kafaɗa da keken guragu. A takarda ba a bar mu a baya ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, Benin a 2012, ta kuma yi dokarta ta kare su a 2017. A Najeriya shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa tasu hannu a Janairun 2019. Doka dai ba ta zuwa gida ta ɗaure waya a jikin gado daidai tsayin ido.

Wannan aikin na masu walda ne da masu gyaran waya, kuma Malanville, mai ɗaya daga manyan kasuwannin Benin, ba ta rasa su ba. Mai walda zai lanƙwasa ƙarfen da zai riƙe wayar ƙyam a gaban fuska, domin in tana rawa kyamara ba za ta bambance murmushi da hamma ba. Mai gyara zai buɗe tsohon linzami, ya jona wa madanninsa waya mai tsawo zuwa wani faffaɗan makunni da za a sa a gefen kai. Saura caji. Kyamarar da ke buɗe tun safe tana shan batir ba kaɗan ba, Google da kansa ya ba da shawarar a bar wayar a jone in ana amfani da Camera Switches, ga shi kuma ɗaki mai duhu ba ya nuna mata fuska. Ke nan a lissafin kuɗin, bayan wayar da ƙarfen, sai a sa ƙaramin faifan sola da batir na ajiya da ƙwan fitila ɗaya da zai haska fuskar mai jinya daga gaba.